Takardar Tasha da Na Karanta wa Mata

Rabi da Mutari, na daɗe ina kewaye wannan shekarar. Na rubuta muku ƙuruciyata a ƙauye, na rubuta aurena da babanku Malam Sani, Allah ya ji ƙansa, na rubuta shekarar farin da muka sayar da akuyarmu ta ƙarshe, duk hannuna bai yi nauyi ba. Wannan kuwa sau uku ina buɗe kayena, littafin rubutuna, ina rufewa. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne abin da na gani ranar sunan ɗan Rabi. Ɗan marigayi Malam Isufu ya miƙo maka hannu a ƙofar gida, Mutari, kai kuma ka kama gyaran hula har ya janye hannunsa. Da mutane suka watse na tambaye ka, ka ce mini:

"Inna, ɗan mutumin da ya sayar da ku ne fa."

Shekararka goma lokacin da abin ya faru. Ba ka ga komai ba, abin da ka ji a bakin mata ka ɗauka ka girma da shi. Ni ce na gani, don haka ku zauna ku karanta a hankali.

Tsohuwar tashar garinmu fili ce kawai, ba katanga ba ƙofa. Ta arewa kwalta ta wuce, wadda ta taso daga Damagaram. A bakin kwaltar nan, ta cikin filin, akwai wata tsamiya da mutum uku ba sa zagaye ta da hannu. A gindinta muke zama, mu mata masu abinci, mun kai ashirin. Duk wanda ya sauka daga mota ta nan zai bi. Masu amalanken shanu daga Yekuwa, masu buhunan wake daga Mallawa, matan Fulani masu nono da suka kwana a hanyar Guci, kowa a inuwar nan yake sauke gajiya. Ni shinkafa da wake nake sayarwa. Baraka ƙosai take toyawa, bakinta kuwa ba ya hutawa, direba bai isa ya wuce ta bai sha tsokana ba. Babbarmu ita ce Iya Kande mai fura. Ita ta matsa mini wuri ranar da na fara zuwa da tukunyata ina raɓe-raɓe, ta ce wa sauran, wannan ƴata ce, kada wanda ya harare ta. Ba mu haɗa jini ba, amma ita ta yi mini wankan jegonka, Mutari.

A shekarun nan ne na shiga karatun yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke zuwa, in yaran lakwal, wato makarantar boko, sun tashi mu zauna a kan bencinsu, gwiwoyinmu na dukan tebur. Rani biyu na yi ina haɗa baƙi da baƙi har na iya karanta takardar asibiti da sunan gari a jikin mota. Matan tasha suka sa mini Malama. Da farko ba'a ce. Daga baya da na fara karanta musu saƙon ƴaƴansu da ke ci rani, sai sunan ya zauna da gaske, ni ma na fara jin daɗinsa fiye da yadda ya kamata.

Sai aka ce za a gina sabuwar tasha a filin nan, babba, wadda motocin Damagaram da na Dungas da masu tsallaka iyaka duk za su haɗu a cikinta. Aka kafa wani allo a bakin hanya da hoton yadda za ta kasance. Kwana da kwanaki gari ba shi da wata hira. Rufin a hoton zagayayye ne, fari, ga fitilu a jere. Direbobi suka ce an kife wa tasha akushi. Masu shayi suka rabu biyu, wasu na cewa yanzu garinmu ya zama birni, wasu na cewa wanda ya zana wannan bai taɓa jiran mota da buhun gero ba. Wani tsoho mai amalanke ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce shi dai ya ga motoci ya ga mutane masu jaka, bai ga sa ko ɗaya ba. Baraka ta riƙe ƙugu a gaban allon ta ce:

"Ku duba matan cikin hoton nan, ko ɗaya ba ta goyo! To mu ina za a kai mu?"

Wannan tambayar ce ta kai mu wurin Malam Isufu. Shi ne konseye, wakilin unguwarmu a meri, ofishin magajin gari. Mutum ne siriri mai saurin magana, ba kowa ke son sa ba, amma ya saurare mu. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce za a yi taro a nuna zanen tashar, ya roƙa an ba mata wuri, mu zaɓi biyu. Ba a yi gardama ba. Iya Kande saboda girmanta, ni saboda karatuna.

Ranar taron na ɗaura zanen da na ajiye don Salla. Maza sun shiga tun da hantsi, ƴan kamasho da direbobi da masu butik, wato shaguna, mu muna zaune a baranda. Sai dab da azahar aka kira mu, kowa ya gaji, wasu har sun fara naɗe hannun riga don alwala. A kan tebur an shimfiɗa wata takarda mai faɗin tabarmar salla. Injiniyan da ya yi zanen saurayi ne baƙo, Hausarsa ta koyo ce amma yana da ladabi. Ya riƙa nunawa da bik ɗin rubutunsa, ga babbar ƙofa a can sama, ga wurin manyan motoci a tsakiya, ga wurin jira. Sannan ya kai bik ɗin gefen hagu, inda aka jera ƙananan ɗakuna kamar gidan dara, an yi rubutu da Faransanci, a ƙasansa da Hausa. Ban jira shi ba. Na ɗora yatsana na karanta da ƙarfi, baƙi bayan baƙi:

"Rumfunan mata masu abinci."

Malam Isufu ya ce, madalla, kun ji ko, matanmu ma sun waye. Wani ya tafa. Ba zan ɓoye muku ba, tunda nake ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar a wannan lokacin ba.

To ga inda na ɓata. Mu tun muna yara, in za a kwatanta maka wuri gabas ake fuskantar da kai. Damarka kudu, hagunka arewa, bayanka yamma. In babana zai zana iyakar gona a ƙasa da tsinke, abin da ke gabansa gabas ne, kowa ya san haka ba sai an faɗa ba. Ni ma da na tsaya gaban takardar nan sai na ɗauki samanta gabas. In sama gabas ce, hagu arewa ke nan. Arewa kuwa nan tsamiyarmu take. Na ga kuma an zana wasu ƙawanya kore-kore kusa da rumfunan. Sai zuciyata ta ce, an bar mu a wurinmu, har da itacenmu. A can kusurwa akwai wata ƴar kibiya da harafi ɗaya a kanta. Na gan ta, ban tambaya ba. A ajinmu an koya mana baƙaƙe da lissafi da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ba a taɓa shimfiɗa mana zanen wuri ba.

Iya Kande ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Ke Hadiza, tambaye shi. Ina gabas a cikin abin nan?"

Ban so ta yi maganar ba. Yanzu aka gama cewa mun waye, ga tsohuwa za ta mayar da mu baya a gaban maza. Na sunkuya na raɗa mata:

"Iya, ga ta nan gabanmu, sama. Don Allah kada ki ba mu kunya."

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta gyara mayafi.

"To. Ke kika yi karatu."

Injiniyan ya tambaya ko akwai abin da bai yi mana ba. Na ce babu, ya yi, Allah ya saka. Aka miƙo takardar waɗanda suka halarta, na rubuta sunana da hannuna a gaban mutane, Iya ta dangwala yatsa.

Da muka koma gindin tsamiya na faɗa wa mata cewa muna nan a wurinmu, za ma a gina mana rumfuna na siminti. Baraka ta rangaɗa guɗa har shanun amalanke suka firgita. Ranar ba wanda ya sayi ƙosai da kuɗi a cikinmu. A makon nan mata bakwai suka shiga ajin yaƙi da jahilci. Mijin Baraka, wanda shekara biyu yana cewa karatun tsofaffin mata ɓata lokaci ne, da kansa ya sayo mata allo.

Bayan kamar kwana goma masu awo suka zo da turaku da igiya. Aka ce in kai musu abinci. Na tarar da injiniyan ya shimfiɗa takardar nan a kan gaban motarsa, ya danne ta da duwatsu. Ina zuba shinkafa ina satar kallo, sai na ga ya juya ta, ya juya kansa, har samanta ya fuskanci kwalta. Ya ɗaga hannu ya nuna wa yaransa tsamiya, ya nuna babbar ƙofar da ke jikin takardar. Na ajiye cokalin na ce:

"Ranka ya daɗe, ba juye take ba?"

"A'a, madam, daidai take. Sama arewa ce. Ga kibiyar."

"To rumfunanmu fa?"

Ya miƙa hannu yamma, can ƙarshen fili, wajen kwarin da ruwan sama ke bi, inda ko akuya ba ta tsayawa da rana. Na tambaye shi ƙawanyoyin nan kore. Ya ce itatuwan da za a dasa ne in an gama. Tsamiya kuwa a tsakiyar ƙofa take, za ta fita. Da ya ga fuskata sai ya ajiye bik.

"Na ɗauka kun gane ranar nan. Ki ji, madam, ba a haƙa ko rami ɗaya ba tukuna. Ƙofa tana iya matsawa, rumfuna ma haka. In mata ba su yarda ba, ku rubuto, ku sa hannu ku duka, ku kawo kafin Alhamis ta sama. Bayan nan an zuba tushe, ba ni da iko."

Kwana tara ke nan ya ba ni. Ina so ku riƙe wannan, don daga baya an ce ba a ba mu dama ba. An ba mu. A hannuna aka sa ta.

Da yamma babanku ya dawo daga gona, na kai masa ruwa a zaure na faɗa masa komai. Ya saurara yana cire ƙaya daga takalminsa. Kun san shi, ba ya gaggawar magana.

"To ai da sauƙi. Gobe ki tara su ki ce kin yi kuskure."

"Malam, mata bakwai sun shiga aji saboda ni. In aka ji Malama ta karanta takarda a juye, mazansu za su cire su. Za a yi ta yi mana dariya har kasuwar Guci."

"Za a yi. Sai kuma a gaji."

"Iya ta tambaya, ni na hana ta."

"Shi ya sa ita za ki fara faɗa wa. Hadiza, kuskure kika yi, ba sata ba."

Na ce gobe. Kuma na yi niyya, Allah shi ne shaida. Na yagi takarda daga kayena na rubuta layi uku, cewa mu matan tasha muna roƙo a bar tsamiya a dawo da rumfunanmu kusa da ƙofa. Na bar fili a ƙasa don yatsu ashirin. Na ninke ta na soke a bakin zane. Da ita nake zuwa tasha, da ita nake dawowa. Kullum akwai dalili. Yau kasuwa ce, mutane sun yi yawa. Yau Iya ba ta jin daɗin ƙafarta. Ranar Litinin na daure, cinikin safe ya lafa, na miƙe na ce, mata, ina da magana. Kafin in ƙara komai Baraka ta taso da gudu da allonta a hannu, duk mai a jiki.

"Tsaya tukuna, Malama, duba nan! Wa ya rubuta wannan? Rantse ba ni ba ce!"

Sunanta ne, baƙaƙen sun karkace kamar za su faɗi, amma sunanta ne. Mata suka yi ca a kanta. Mijinta yana wucewa da kura ya tsaya ya leƙa, ya ce in dai irin karatun Hadiza ne, ta yi ta yi. Iya Kande ta juyo ta ce, wace magana ce, ƴata? Na ce ba komai, Iya, dama zan ce a riƙa share wurin ne. Na zauna. Takardar ta jiƙe da zufa a jikina har rubutun ya fara narkewa. Alhamis ta zo ta wuce ina tuƙa tukunya. Na ce wa kaina wata ƙila injiniyan zai gyara da kansa tunda ya ga fuskata. Na ce wa kaina wata ƙila ma yamman ba ta da laifi. Mutum in yana son ya yi shiru ba ya rasa abin da zai faɗa wa kansa.

Wata safiya ma'aikata suka zo da injin yanka itace. Aka ce mu kwashe tukwane. Mata suka ɗauka reshe za a rage, har Baraka na cewa a bar mata na girki. Da injin ya shiga gindin itacen sai ihu ya tashi. Iya Kande ba ta yi ihu ba, ta zauna a kan turminta tana kallo har tsamiyar ta faɗi. Tsuntsaye suka yi ta kewaya sama ba su san inda za su sauka ba. Sannan kowa ya juyo kaina.

"Malama, ba kin ce an bar mu ba? Wannan takardar kika gani ko wata?"

Nan ma ƙofa ce aka buɗe mini. Abin da na ce shi ne:

"Ni dai abin da na gani na faɗa muku."

Ba ƙarya a cikin kalmomin, shi ya sa na zaɓe su. Amma na san yadda za a ji su, haka kuma aka ji. In Malama ta karanta daidai, to an canza takarda. Wa ya canza? Wa ya kai mu taron? Da aka zo rabon butik na bakin ƙofa, ƙanen Malam Isufu ya samu ɗaya, dab da inda tsamiyar take a da. Ƙuri'a aka yi, a gaban mutane, amma wa zai saurara? Magana ta zauna: Isufu ya nuna wa mata takarda ɗaya, ya sa hannu a wata, ya sayar da inuwarmu don ɗan'uwansa. Aka yi masa waƙa a bakin rijiya. Yara suka ɗauka. In ya ratso ta wajenmu sai a fara buga murfin tukunya. Matarsa Gambo ta daina zuwa biki a unguwa.

Sau ɗaya ya zo wurina. Muna zaune a gefen hanya lokacin, ana gini. Ya tsaya a kaina, ya rage murya.

"Hadiza, ke kin ga takardar nan da idonki. Ita ce dai, ba a taɓa ta ba. Ki faɗa musu mana."

Ban ɗago ba. Na ci gaba da juya wake.

"Konseye, ni mace ce, me na sani a zanen Nasara?"

Sannan ya ce Allah ya kyauta, ya tafi. Da zaɓe ya zagayo matan unguwa ko ɗaya ba ta jefa masa ba. Ya koma sayar da iri da maganin ƙwari a kasuwannin ƙauye, kuma har ya rasu, in zai hau mota sai ya tare ta a bayan gari.

Babanku ya san komai. Ranar da aka fara waƙar ya ce mini, ba zan tona ki ba, ke matata ce, amma bakina ba zai zagi Isufu ba. Ya ci gaba da gaishe shi a masallaci, yana zama kusa da shi a wurin jana'iza. Na san kun ji haushinsa a kan haka. Na ji ka, Mutari, kana ce wa yayarka Baba ba shi da zuciya, an cuci Inna yana dariya da macucin. Ina bayan danga ina jin ku, ban fito ba. Bai ƙara tayar mini da maganar ba har ya bar duniya, sai dai wani lokaci in na yi dariya da mata a tsakar gida, in na juyo sai in ga yana kallona.

Tashar da aka gama, gaskiya ta yi kyau, ba zan rage mata ba. Da damina ba a ƙara tura mota a cikin laka ba. Akwai benci, akwai famfo, akwai makewayi na mata daban, mai ciki tana iya jiran mota a zaune. Waɗanda suka ce akushi ne su suka fara ɗaukar hoto a gabanta. Amalanke dai an hana shi shiga, sai masu shanu suka koma tsayawa a bayan katanga. Rumfunanmu kuwa suna can yamma, bayansu ga motoci, bakinsu ga kwari. Fasinja sai ya zagaya ginin jira kafin ya gan mu, wanda motarsa ke shirin tashi ba ya zagayawa. Daga azahar rana take shigowa kai tsaye, rufin kwano ya ɗauki zafi, sai ka ji kamar a cikin tanda kake. Itatuwan da aka dasa awaki suka cinye tun suna ƙanana. Ni shinkafata tana jurewa. Furar Iya Kande ba ta jurewa, kafin la'asar nono ya tsinke ya yi tsami. Masu ƙarfi a cikinmu suka koma yawo da tire a tagogin motoci. Ita ƙafarta ba ta iya wannan. Damina ɗaya ta yi, ta ce za ta koma wurin ƴarta a Yekuwa.

Na raka ta bayan katanga inda amalanken ke jira. An ɗora turminta da ƙoren furarta da ƴar akwatinta. Na riƙe hannunta ina taimaka mata ta hau, bakina cike da maganar. Ta ga hawaye a idona, ta shafa mini kai.

"Daina kuka, ƴata. Ba laifinki ba ne. Ke kin karanta daidai, su suka canza. Ki riƙe karatunki."

Mai shanu ya kaɗa su. Na tsaya har suka sha kwana. Ban ƙara ganin ta ba, bayan shekara biyu aka aiko ta rasu. Ajin da na ce ina karewa kuwa, shi ma bai daɗe ba, aka yi wa malamarmu canjin wuri, ba a kawo wata ba. Cikin bakwai ɗin nan uku sun iya karatu sosai. Ban sani ba ko da na yi magana za a cire su. Na daɗe ina cewa za a cire, don in samu abin riƙewa. Yanzu na tsufa, na san ba ajin nake karewa ba, sunan Malama nake karewa.

Washegarin sunan ɗan Rabi na ɗauki mayafi na tafi gidan Malam Isufu. Gambo na tsakar gida tana tsince zogale. Ta yi mamakin ganina, amma ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Na faɗa mata duka, yadda na rubuta muku nan. Ba ta katse ni ba, hannunta bai daina tsinka ba. Da na gama ta ce:

"Ya sha faɗa mini ke kin sani. Ni nake cewa a'a, Hadiza ba za ta yi haka ba."

Na ce ta yafe mini. Ta ce nata ta yafe, na mai shi kuwa yana wurin Allah.

"Amma ba a nan aka zage shi ba, Hadiza. A tasha aka zage shi. Can za ki je ki faɗa."

Na je ranar kasuwa. Shekara shida rabona da wurin, tun da gwiwa ta zaunar da ni. Na zagaya ginin jira na isa rumfunan. Rabinsu an mayar da su wurin ajiye buhuna. A sauran duk baƙin fuska ne, ƴan mata da ƙananan zawarawa. Na tsaya a tsakiya na yi sallama, na ce ina da magana a kan Malam Isufu konseye da tsamiyar da aka sare. Suka dubi juna. Wata mai taliya ta ce, wane Isufu, Inna? Wata ta ce, da akwai tsamiya a nan? Na faɗa dai, tun daga farko har ƙarshe, suna saurare saboda ladabi, ɗaya na zuba wa mai saye miya.

A rumfar ƙarshe Baraka na zaune, ita kaɗai ta rage a cikinmu. Ta rame, haƙoran gaba sun zube, jikarta ke toya ƙosan yanzu. Ta ji komai. Na ƙarasa wurinta na zauna a bakin dakali, ina jiran ta zage ni, don na san bakinta. Ta juya ta kalli kwarin, ta ce:

"Ni na fara waƙar nan, kin sani?"

Na ce na sani.

"Kin bar ni na yi ta rera ta shekara da shekaru."

Na ce haka ne.

Ta goge ido da gefen zane, ta ja tsaki a hankali.

"Kai, Hadiza. Da kin faɗa a lokacin, kwana uku za mu yi muna zagin ki, rana ta huɗu mu dangwala miki yatsa."

Mutari, gidansu yana nan inda ka sani, bayan masallacin unguwa. Sunan yaron Habu. Ka je da ƙafarka, kuma kai za ka fara miƙa hannu.